Tsohuwar PlayStation 2 Mai Zaɓen Faifai

A watannin baya na sayi PlayStation 2 ta hannu, irin mai kaurin nan ta farko, saboda 'ya'yan yayata da suke zuwa hutu gidana, kuma saboda ni kaina ban daina sha'awar wasannin wancan zamani ba. Mai shagon ya jona ta da talabijin a gabana, ya saka faifan ƙwallon ƙafa, ta karanta shi nan take, na biya na ɗauka. Lambar da ke manne a bayanta ita ce SCPH-39004, kuma hatimin takardar da ake liƙawa a kan tsagar murfinta yana nan bai yage ba, alamar ba a taɓa kwance ta ba tun da aka ƙera ta. Da na isa gida na zazzage jakar faya-fayan da na tara, waɗansu daga shagon, waɗansu daga wurin wani abokina, sai na'urar ta fara zaɓe: wannan ta karanta shi lafiya ƙalau, wancan ta yi ta gurnani har ta gaji, wani ta nuna jan allo, wani kuma ta fara shi da kyau sannan ta sandare a tsakiyar wasa.

Na fara kai ta wurin wani mai gyaran kayan lantarki, kuma tun kafin ya ɗauki sukundireba ya yanke hukunci. Ya ce, "Malam, ido ne ya mutu, sai dai a saka sabo," yana nufin ɓangaren da yake karanta faifai. Na ce masa, "To, Malam, idan idon ya mutu, da me take karanta sauran?" Ya ce haka suke yi idan sun fara tsufa, yau su gani gobe su ƙi. Ban ga laifinsa ba, domin galibin na'urorin da suka kai waɗannan shekaru da sauyin ido ake ƙarewa, kuma shi mutum ne da aiki ya yi wa yawa a kan tebur. Amma na ɗauko kayata na dawo gida, saboda a ganina na'urar da ta ƙi kowane faifai daban take da wadda ta ƙi waɗansu kawai. Ta biyun tana ba da shaida a kan kanta, kuma duk wanda ya zauna ya duba irin faya-fayan da take karɓa da irin waɗanda take ƙi zai san inda ciwon yake tun bai cire sukuru ko ɗaya ba.

Abin da ya sa haka kuwa shi ne PlayStation 2 ba faifai iri ɗaya take karantawa ba. An fito da ita a Japan a watan Maris na 2000, lokacin da DVD yake sabon abu, CD kuma bai gama yayi ba, don haka aka ƙera ta ta iya da duka biyun. Idan aka kifa faya-fayanta na asali aka dubi gefen da ido yake karantawa, za a ga launuka daban-daban. Mai baƙin ƙasa faifan PlayStation ta farko ne, kuma CD ne. Mai shuɗin ƙasa wasan PlayStation 2 ne da aka buga a kan CD, wanda bai wuce megabayit 700 ba. Mai ruwan azurfa DVD ne mai hawa ɗaya, wato shimfiɗar bayanai ɗaya, yana ɗaukar gigabayit 4.7, kuma mafi yawan wasanni a kansa suke. Akwai kuma 'yan kaɗan masu hawa biyu, masu ɗaukar gigabayit 8.5, irin su Gran Turismo 4 da God of War II. A cikin idon na'urar gilashi ɗaya ne, amma hasken leza iri biyu ne yake fitowa ta cikinsa: na CD mai tsawon zango nanomita 780, wanda idon mutum ba ya iya ganinsa sosai, da na DVD mai nanomita 650, wanda ja ne. Kowannensu yana tsufa a lokacinsa, ɗaya yana iya raunana ɗayan kuma yana nan da ƙarfinsa.

Saboda haka na shimfiɗa tabarma na kasa faya-fayan gida-gida bisa launinsu, na ƙara da faifan sauti na CD da faifan bidiyo na DVD, na gwada su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da ya faru da kowanne da irin ƙarar da na ji. Sakamakon ya fito a fili fiye da yadda na zata. Baƙaƙen duk sun yi aiki, faifan sauti ma haka. Masu ruwan azurfa sun yi aiki in ban da ɗaya mai jawo jan allo. Shuɗɗan duk sun gagara, tare da wata ƙara mai kama da gurza. Mai hawa biyun kuma shi ne yake farawa sannan ya tsaya.

Na fara da mai jan allon, domin shi ne mafi sauƙi. Wannan allo yana fitowa ne da rubutun da ke neman a saka faifan PlayStation ko na PlayStation 2, kuma sau da yawa ma'anarsa ita ce na'urar ta ga faifan sarai amma ba ta yarda da shi ba, saɓanin saƙon "Disc Read Error" da yake nuna ta kasa karantawa. Wasannin wannan na'ura an raba su yanki-yanki, akwai na Japan, da na Amurka, da na ƙasashen da talabijin ɗinsu yake kan tsarin PAL, wato Turai da Ostireliya da makamantansu. Lambar ƙarshe ta na'ura ita ce take faɗin yankinta: 0 ta Japan ce, 1 ta Amurka, 3 ta Ingila, 4 ta sauran Turai. A jikin faifai kuma akwai ƙananan haruffa, SLES ko SCES na Turai, SLUS ko SCUS na Amurka, SLPS ko SLPM na Japan. Tawa ta ƙare da 4, faifan kuma SLUS ne a jikinsa, ke nan babu abin da ya lalace, kuma ko sabon ido goma aka saka mata ba za ta karɓe shi ba. Mutane da yawa a nan ba su san da wannan shinge ba, saboda yawancin na'urorin da ke gidajen gem an riga an saka musu cip mai kawar da shi. Wannan lamba ta ƙarshe tana da wani amfani da ya fi na faifai muhimmanci: mai kauri ta Turai tana shan wuta 220 zuwa 240, daidai da tamu, amma ta Amurka 120 take sha, ta Japan 100, kuma idan aka jona su kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ƙonewa za su yi.

Kafin na ɗora wa na'urar alhakin sauran, sai da na tabbatar da lafiyar faya-fayan kansu. Na wanke su da ruwa da ɗigon sabulun ruwa, na goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, domin bayanai a kan faifai a layi ɗaya suke mai kewayawa daga ciki zuwa waje, kuma ƙarzar da ta bi layin tana shafe dogon zango, alhali wadda ta ratsa shi kaɗan take taɓawa, na'ura kuma tana iya cike gurbin. Sannan na ɗaga kowane shuɗin faifai na duba samansa da kyau. Mutane sun saba tsoron ƙarzar ƙasa, amma a CD saman ne ya fi haɗari, saboda shimfiɗar da ke ɗauke da bayanai tana nan daf da zanen da aka buga, siririn fenti ne kawai ya rufe ta, yayin da ta ƙasa akwai roba mai kaurin milimita 1.2. DVD kuwa bayanansa a tsakiya suke, da roba milimita 0.6 sama da ƙasa. A cikin shuɗɗan na sami ɗaya da wani abu mai tsini ya karce ta sama, da na kara shi da fitila sai haske ya ɓullo ta wurin, kuma irin wannan ba ya gyaruwa. Na ware shi. Sauran ba su da wani aibu, kuma abokina ya tabbatar mini suna aiki a tasa na'urar.

A kan shuɗɗan nan na fi daɗewa ina tunani. Da a ce hasken CD ne ya mutu, da baƙaƙen faya-fayai da na sauti ma sun gagara, domin haske ɗaya ne yake karanta su duka. Tunda suna aiki, bambancin yana wani wuri, kuma wurin shi ne gudu. Faifan sauti a hankali yake juyawa, na PlayStation ta farko ninki 2 ne na wannan gudun, amma shuɗin faifai na'urar tana iya kai shi har ninki 24, wato dubban juyi a minti ɗaya. Faifan da ba a riƙe shi gam ba zai zauna lafiya a ƙaramin gudu, amma da an taka masa sai ya zame ya yi rawa, ido ya kasa bin layinsa. Ƙarar gurzar da nake ji ita ma ta tafi daidai da wannan zato, domin tana tashi ne a daidai lokacin da injin juyawa ya ƙara wuta, sannan ta lafa, ta sake tashi. Wasu suna magance wannan ta hanyar liƙa guntayen salatif a saman faifai kusa da ramin tsakiya don ya ƙara kauri, kuma yakan yi aiki, amma ban so wannan dabara ba, saboda ɓare salatif daga saman CD yana iya tafiya da shimfiɗar bayanai, kuma idan nauyin bai daidaita ba rawar ƙaruwa take yi.

Akwai abu ɗaya da za a iya gwadawa ba tare da kwancewa ba, kuma na gwada shi. Idan aka kunna na'urar babu faifai, aka danna maɓallin alwatika a allon farko, aka zaɓi layin na'ura aka sake danna alwatika, za a ga wurin kunna abin da ta kira Diagnosis, wanda yake sa ta sake daidaita idonta da faifan da aka saka. Saitin yana gogewa da zarar an kashe ta. A wurina ya ɗan rage jinkirin masu ruwan azurfa, amma bai taɓa shuɗɗan ba, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa matsalarsu ta riƙo ce.

Daga nan na kwance ta. Na zare wayar wuta gaba ɗaya na bar ta ta huta, domin a cikin mai kauri akwatin rarraba wuta a buɗe yake da zarar an ɗaga murfi, kuma yana iya riƙe caji bayan an kashe. Sukurorin suna ƙasa, a ɓoye ƙarƙashin ƙananan marufai na roba, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka na jera su a kan takarda yadda suke a jikinta. Wajen ɗaga murfi akwai siririyar waya mai faɗi kamar zare da ta haɗa maɓallan kunnawa da buɗewa da cikin na'ura, wadda fizga ɗaya take tsinka ta, sai a kwantar da murfin a gefe a hankali. Da na cire ƙananan sukurori huɗu na murfin ma'ajiyar faifai, sai ga abin da fiye da shekara ashirin suka tara. A kan kujerar da faifai yake zama akwai wani baƙin zobe na roba wanda aikinsa shi ne kama faifan, amma ƙura ta daskare a kansa har ya koma ruwan toka mai sheƙi da santsi. Na jiƙa tsinken auduga da sifirit mai ƙarfi, irin isofurofil mai kashi 90 ko fiye, na yi ta gogewa ina juya kujerar da yatsa, audugar tana fitowa ja-ja-ja da ƙasa, har robar ta dawo baƙa, yatsa yana makalewa idan ya bi ta kanta. Na goge farantin maganaɗisun da ke cikin murfi, wanda yake danne faifai ta sama, na cire wani gashi da ya nannaɗe a gindin injin.

Gilashin ido shi ma yana da yana-yana ta ƙura. Wannan wuri yana son sassauci, domin gilashin na roba ne, kuma a rataye yake a kan siraran wayoyi da suke ba shi damar motsi sama da ƙasa, danna shi da ƙarfi yana iya lanƙwasa su. Na shafa shi sama-sama da auduga mai ɗan danshi, na bi da busasshiya. Ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya kusantar da fetur ko tina ko turare ga wannan gilashi, domin suna dusashe shi har abada, kuma kada a leƙa cikin ido idan na'urar tana kunne, tunda hasken CD yana cutarwa ba tare da an gan shi ba. Sai na duba sandunan ƙarfe biyu da ido yake zamewa a kansu, da dogon ƙarfe mai zare da yake tura shi. Giris ɗinsu ya bushe ya zama danƙo, musamman can wajen ƙarshe, inda ido yake zuwa idan yana karanta bakin faifai. Wannan ya bayyana mini wani ɓangare na halin faifan da yake farawa lafiya sannan ya tsaya, domin farkon faifai daga ciki yake, sai an yi nisa ido yake isa wurin da ya cije. Na goge tsohon giris ɗin tas, na ɗiga sabo kaɗan, irin wanda ba ya cin roba, na tura idon gaba da baya har ya saki.

Kusa da idon akwai wani abin juyawa da yake daidaita karkatarsa, kuma masu gyara da yawa nan suke fara kai hannu. Ni ban taɓa shi ba, domin DVD masu hawa ɗaya suna aiki lafiya, kuma layukan DVD tazararsu maikromita 0.74 ce kacal, ƙasa da rabin ta CD mai 1.6, ke nan da karkatar ta baci su ne za su fara nunawa. Wanda ya ga dole sai ya juya shi, ya fara sa alama da alƙalami a inda ya same shi, don ya iya komawa.

Da na mayar da komai na kunna, shuɗɗan faya-fayan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, da ƙarar iska mai ƙarfi wadda dama halinsu ce, amma babu gurza. Farin cikin da yaran suka yi a ranar ya fi ƙarfin aikin da aka yi, domin ƙaramin cikinsu tun safe yake tsaye a kaina yana tambaya, "Kawu, ta gyaru?"

Saura mai hawa biyu. Ya wuce wurin da yake tsayawa a da, amma har yanzu yakan yi jinkiri, wani lokaci sai na ji ido yana ƙwas-ƙwas yana neman layi kafin ya ci gaba. A nan ne kawai maganar mai gyara take da ƙamshin gaskiya. Faifan DVD mai hawa ɗaya yana mayar da kashi 45 zuwa 85 cikin ɗari na hasken da aka haska masa, amma mai hawa biyu kashi 18 zuwa 30 kawai yake mayarwa, saboda dole hawan farko ya bar haske ya ratsa shi zuwa na biyu. Idon da ya fara rauni kamar dattijo yake wanda har yanzu yana karanta manyan baƙaƙe amma ƙanana sun fara yi masa wuya, don haka mai hawa biyu ne yake fara tona shi, sai kuma faya-fayan da aka kwafa a kwamfuta, musamman masu araha, waɗanda su ma haskensu bai kai na bugun kamfani ba. Wannan ne ya sa gwajin da ake yi a shago da faifan ƙwallo guda ɗaya ba ya nuna komai sosai. Mai son saye ya tafi da baƙi, da shuɗi, da mai ruwan azurfa, da mai hawa biyu idan yana da shi, ya bar kowanne ya yi 'yan mintoci yana saurare. Idan siririyar ce, wadda aka fito da ita a 2004, ya ƙara da duba abu biyu: ƙananan maɓallan da suke shaida wa na'ura cewa an rufe murfi, waɗanda idan sun saki faifai ba ya ko juyawa, da kuma faffaɗar wayar ido, wadda gam ɗinta yakan saki ta ɗago ta riƙa zana da'ira a ƙasan faifai.

A ƙarƙashin ido akwai ƙananan madaidaita biyu da ake murɗawa, ɗaya na CD ɗaya na DVD, kuma rage turjiyarsu yana ƙara ƙarfin haske. Nan ne wurin da aka fi kashe na'urori. Ana murɗa su da ka, ba tare da awo ba, faifai ya karanta na 'yan makonni, sannan lezar ta ƙone gaba ɗaya saboda an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Idan har za a taɓa su, sai da mitar awon lantarki, a rubuta adadin da aka samu tun farko, a rage kaɗan ƙwarai, a gwada, kuma a sani cewa aron lokaci ake yi, domin lezar da ta tsufa ba ta komawa yarinya. Na auna nawa na rubuta adadin a takarda na liƙa a cikin murfi, amma ban murɗa ba, tunda wasa ɗaya ne yake jinkiri, kuma yana ƙarewa da tashi.

Na san akwai hanyar da take kauce wa faifai baki ɗaya, wato katin ajiya mai ɗauke da manhajojin Free McBoot da Open PS2 Loader, waɗanda da su mutum yake kunna wasanninsa daga filashi bayan ya kwafe su a ciki, kuma yawancin gidajen gem yanzu haka suke yi. Hanya ce mai kyau ta hutar da ido, sai dai ramin USB na wannan na'ura tsohon yayi ne, 1.1, gudunsa bai kai na faifai ba, shi ya sa bidiyon cikin wasa yakan yi tsalle-tsalle. Mai kauri irin tawa tana da gurbi a baya da ake saka babban ma'ajin kwamfuta ta hanyar adaftar intanet ɗinta, kuma wannan ya fi filashi sauri nesa ba kusa ba. Nan nake shirin mayar da wasannin masu hawa biyu, sauran kuma su ci gaba da tashi daga faifai.

Duk da haka na sa an kawo mini ido na ajiya, bayan na karanta lambar da ke jikin nawa, KHS-400C, domin idanun ba sa shiga wa juna haka kawai, kuma tun da aka daina ƙera na'urar a farkon 2013 masu kyau sai ƙara wuya suke yi. Sabon ido yana zuwa da ɗigon dalma da aka haɗe wasu ƙafafu biyu da shi don kare lezar daga tartsatsin lantarki a hanya, kuma sai an narkar da shi an cire kafin ya yi aiki. Wanda bai sani ba zai saka ya ga bai karanta komai ba, ya ce jabu aka sayar masa. Na bar nawa da dalmarsa a cikin ledarsa. Ita kuwa na'urar na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a kan kantar ajiye kaya, nesa da taga, kuma ina lulluɓe ta da ƙyalle idan an kashe ta ta huce, saboda fankarta tana zuƙo iskar ɗaki duk lokacin da take aiki, kuma ƙurar hunturu ɗaya a nan ta isa ta mayar da zoben robar nan yadda na same shi.